Akwatin Jita Ba Jita: Dabarar Shiga Kulob Kyauta

Kai da kake ganin dala goma sha biyar ta yi yawa don jin tsofaffi suna waƙar tumaki da jiragen ruwan da suka nutse, matso kusa. Wannan dabara ba ta taɓa ba mutum kunya a bakin ƙofa ba. Maƙwabcina Clarrie, mai kafa shingen waya, shi ya gwada ta. Ya rantse gaban 'yan mashaya cewa sai ya shiga kulob ɗin waƙoƙin gargajiya na garinmu, kuma ko sisi ba zai bayar ba. Ya shiga kuwa.

1. Ka san mai ƙofa

Noelene ce, tsohuwar malamar makaranta, da gwangwanin biskit na zuba kuɗin shiga a gabanta. Kar ka kuskura ka tambaye ta dalilin kuɗin. Clarrie ya taɓa tambaya, ta tsare shi da bayani: hayar zaure, man motar mawaƙiyar da ta tuƙo tun daga birnin Adelaide, wadda a kujerar falon Noelene za ta kwana. Irin wannan zance yana karya zuciya, kai kuwa zuciyarka kake bukata.

2. Nemi akwatin jita

Dokarsu ce, duk wanda zai yi waƙa kafin babbar baƙuwa ba ya biya. Akwati ake gani, ba jita ba. Clarrie ya ari fanko, ya cusa tsohuwar rigar sanyi a ciki.

3. Tsuke fuska

Mawaƙin gaske ba ya murmushi. Noelene ta dubi akwatin, ta dubi mutumin da ta sha fama da shi a aji, ta kira shi da cikakken sunansa, ta ce, "Ashe kana kiɗa, Clarence? Wuce, ɗana."

Ka gani? Ka shiga. In kana da wayo, karatunka ya ƙare nan.

4. Kar ka dogara da ƙofa

Shirin Clarrie shi ne ya zauna can baya, in layi ya kusa zuwa kansa ya sulale waje kamar zai je bayi. Bai san ba a buɗe ƙofar nan ana cikin waƙa, ko gobara ce sai an kai ƙarshen baiti. Tsakanin waƙa da waƙa kuwa, Noelene ta jawo kujerarta ta tokare ta. Yana nan zaune Merv, mai gabatarwa, ya kira sunansa.

5. Ka ce ka manta jitar

Ya buɗe akwati, riga ta faɗo. Ya ce wai a gida ya baro jitar, yana jiran a kore shi, da murnarsa. Sai zaure ya ɗauki tafi. Ashe a wurin mutanen nan babu abin da ya kai waƙa ba kiɗa daraja.

Merv ya ce, "Murya zalla, irin ta kakanni! Fili naka ne, abokina."

6. Rera abin da ka sani

Baiti ɗaya ya sani, na wata waƙa da uwarsa ke yi in tana wanki. Ya ja shi da ƙyar, ya tsaya. Su kuwa sun san sauran kaf. Suka ɗauka gaba ɗaya, baiti bayan baiti, shi yana tsaye riƙe da rigar sanyi yana motsa baki. Ba sa yi wa kowa ihu a nan, abin da ya fi ciwo ke nan. Da aka tashi, Noelene ta gaya masa tun daga yadda ya rataye akwatin da yatsa biyu ta gane fanko ne, kuma wata mai zuwa shi zai buɗe fage.

7. Biya

Wata na zagayowa ya zo ba akwati, kuɗi a hannu tun daga titi. Ya ce kek ɗin da Noelene ke rabawa a kulob ne ya mayar da shi, amma ni na ji shi a bakin shinge yana gwada baiti na biyu. Da 'yan mashaya suka tuna masa rantsuwarsa, ya ce, "Ku jakai ne. Wa ya ce kuɗin shiga na biya? Kuɗin a bar ni in zauna ne."

Gargaɗi: alkawarin shiga na yi maka, ban yi na fita ba. Wanda aka tsayar gaban jama'a murya ta ƙi fitowa, kar ya biyo ni gida. Ni kullum biya nake.