Naman Baba Tsoho a Kumatuna

Ko zan manta da komai na shekarar da nake aji biyar a sakandare, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗora ni a kan sikelin asibiti ba, alhali ba ni ne marar lafiyar ba.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, manomin masara ne a wani ƙauye bayan Malumfashi. A da shi kaɗai yake ciccibar buhu ya ɗora a kan amalanke, yana yi wa samari dariya. Da ciwon daji ya kama shi a ciki, sai aka dawo da shi gidanmu a Funtuwa saboda kusa da asibiti, tare da kakata, Inna. Kafin masara ta yi bunƙasa a gona, damatsan nan sun zube. Agogonsa har gwiwar hannu yake zamewa (to, na ɗan ƙara gishiri, amma kaɗan).

Kun san yadda dubiya take a wurinmu, ba a zuwa hannu rabbana. 'Yan uwa na Danja su zo da zabbi, na Ƙafur da ƙwai da man shanu. Maman Chidi, maƙwabciyarmu mai shagon atamfa, ta aiko da farfesun da ƙamshinsa kaɗai zai sa kurma ya waiga. Kowa kuma in ya fito daga ɗakin sai ya ja Inna gefe, ya tambaye ta cikin muryar tausayi mai cizo ko dai ba ya samun abinci ne. Wata gwaggo ma cewa ta yi a zamaninsu mace ba ta barin mijinta ya rame haka. Daga ranar, in kwano ya dawo da saura, sai Inna ta shige madafa ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta.

Baba Tsoho ya lura. Ni ke kai masa abinci in na dawo daga makaranta. Wata rana ya yi loma biyu, ya ture kwanon, ya ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake masa a baki. Sannan ya rage murya.

"Kai ja'iri, tura ƙofar nan. Tunda kullum Inna tana kiranka angonta, ka taimaki matarka ka share kwanon."

Na so a ce na yi gardama. Ban yi ba. Cinyar zabo ce fa, jama'a.

Haka muka ƙulla. Shi ya tsakuri romo, ni in yi aikin gayya. Inna ta karɓi kwano fes tana hamdala, har ta ƙara yawan abin da take zubawa. Kumatuna suka fara tasowa kamar ƙullun fanke. A makaranta aka koma kirana Buhu. Mama ta ce girma ne ya zo mini da wuri.

Ranar komawa asibiti ni aka ce in raka su, don in riƙe shi wajen shiga keke-napep. Gwaggon nan ma ta biyo mu. Malamar asibiti ta auna shi, ta ce ya ƙara raguwa. Likitar, wata mace mai magana a natse, ta tambayi yadda cin abincinsa yake. Inna ta dafa ƙirji ta rantse cewa ko ƙashi ba ya bari. Likita ta dubi tsohon da rigarsa ke rataye a jikinsa kamar a kan ƙusa, ta ce tana son gaskiya, domin da ita za ta san abin da za ta yi masa.

Na kafa wa Baba Tsoho ido ina roƙonsa da gira. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya nuna ni da sandarsa.

"Likita, in namana kike nema, ga shi can a tsaye. Ku auna shi."

Malamar asibitin nan kuwa ba ta san wasa ba, ko kuma ta san shi fiye da kima. Ta kama hannuna ta ɗora ni. Allurar sikeli ta zabura kamar ɗan acaba ya hango fasinja. Marasa lafiyar da ke layi a bakin ƙofa suka leƙo, har da wani mai ledar ruwa a hannu yana dariya yana riƙe ciki. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi (wataƙila ta ga ba zan shige ba).

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Na dubi fuskarta. Ban san lokacin da na tambaya ba, da murya kamar ta ɗan akuya, ko ni ne na ramar da shi.

Likita ta ce in sauko in zauna. Ta ce ramar wannan ciwo ba irin ta yunwa ba ce. Ciwon, da faɗan da jiki ke yi da shi, suna sakin wasu sinadarai a cikin jini. Su ne ke zuwa ga tsoka da umarnin ta rushe kanta. A cikin tsokar akwai ƙananan zaruruwa masu ba ta ƙarfi, sai a riƙa manna musu alama ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi wa buhuna a kasuwar hatsi, duk wanda aka yi wa alama kuma sai ya wuce injin niƙa na cikin jiki. Ana rushewa da sauri, ginin sabo kuma ya ja baya. Sinadaran nan dai su ne ke zuwa ƙwaƙwalwa su kashe sha'awar abinci. Ta ce abinci yana da amfani, kuma ɓoye mata da muka yi ya jinkirta taimakon da za ta ba shi, amma ko da ya cinye zabbin Danja kaf, tsokar ba za ta dawo yadda take ba.

Sannan ta juya ta dubi gwaggo, ba Inna ba, ta ce, "Hajiya, wannan ba laifin mai girki ba ne."

Gwaggo ta shiga gyaran mayafi.

A hanyar gida, wajen shataletale, Inna ta miƙo hannu ta murɗe mini kunne, ba da ƙarfi ba. Ta ce daga yau ɗan kaɗan za ta riƙa zuba masa a kai a kai, yadda likita ta ce, in ya bari ya bari. Ni kuma aikina in riƙa zagayawa da shi tsakar gida da la'asar, kuma in ci nawa a gabanta.

Baba Tsoho ya rasu bayan an gama girbi. Har ya koma ga Allah, Inna ba ta sake kuka a kan kwano ba, ba wanda kuma ya sake jan ta gefe.

Ni dai ga abin da na koya: in tsoho ya ce ka tura ƙofa ku ƙulla sirri, ka tuna shi ba ya jin kunyar kowa, kuma shaidar a fuskarka za ta fito.