Ranar da Gora Ta Riƙe Ni a Sama

Ba zan taɓa mantawa ba da damanar da na ɗare gorar sayarwata a gaban jama'a, ni da gemuna da ƴaƴa biyar.

Sana'ata sayar da gora da azara a Magariya. Ran nan Alhaji Mamman na Bande ya zo neman gorar da zai kafa rumfuna a kasuwarsu, cikin babbar mota kamyo guda cur. Irin cinikin da ba ya zuwa sau biyu a shekara. Sai dai ya yi ta ƙwanƙwasa su yana taɓe baki, wai wadda ya saya bara a wani wuri iska ɗaya ta kakkarya ta.

Muna cikin haka, telen mai shayin da ke gefena ta nuno wasannin tsalle-tsalle. Wata Bajamushiya ta sheƙo da doguwar sanda, ta kafa ta, ta yi sama ta haye wani kara da aka gitta, ya fi katangar gidana tsawo nesa ba kusa ba. Mushe Isufu, malamin lakwal, wato makarantar boko, yana fassara mana: wai tun tana yarinya take wannan abu, ta taɓa jin ciwo ta yi doguwar jinya, ta dawo har ta wakilci ƙasarta. (Wannan bayanin ya kamata in saurara. Ni kuwa sandar nake kallo.)

Na ce, "Alhaji, wannan ai wasanmu ne a garinmu Guci. Da gora muke tsallake kwari in za mu gona. Irin tawa, ko matar nan aka ba ba za ta raina ba."

Alhaji ya nuna kwarin da ruwa ya yanka a gaban rumfata, cike da taɓo. "To ga fili, ɗan'uwa. In ta ɗauke ka, za ta ɗauki rumfata."

Mushe ya dube ni ta saman tabarau. "Mai gora, yaushe rabonka da gudu?"

Na naɗe wando, na miƙa wa mai shayi hulata, na ja baya na rugo. Abin da na manta shi ne, a Guci sai mun fara soka gorar mun ji inda ƙasa take da ƙarfi kafin mu yi tsalle. Ina kafa ta, ta nutse cikin taɓo ta tsaya cak, ni kuma ina saman ta a rungume kamar tuta. Ba gaba, ba baya. Ƴan kabu-kabu suka tsaya, wani har ya zaro waya.

Mai shayi ya ce, "Sauko mana."

Na ce, "In sauko ina?"

Gorar ce ta raba gardama. Ta karkata a hankali, ta kwantar da ni cikin taɓon cikin ladabi.

Alhaji ya sa aka zaro ta, ya goge, ya duba ta gaɓa-gaɓa yana share hawayen dariya. "Ko tsagewa ba ta yi ba. A loda."

Cinikin ya faɗa, ƙuguna kuma sai da ya sha mai ɗori. Tun daga ranar, duk wanda ya ce yana son ganin ƙarfin kayana, gorar nake miƙa masa in nuna masa kwari.