Ranar da Na Ɓuya a Bayan Surukata

Ba zan taɓa mantawa da yawon da na kai surukata wani daji da ke tsakiyar birnin Kuala Lumpur ba. Lokacin ina digiri na biyu a kimiyyar dabbobi, bincikena kuma a kan wani macijin bishiya ne mai shawagi a iska. Hajiya ta zo mana unguwarmu Sentul daga Kano don jegon matata Rukayya, da ta haifa mana Amira. Da aka yi arba'in sai na kwashe su mu sha iska, da niyyar in nuna mata 'yarta ba ta yi zaɓen tumun dare ba.

Muna tafe ƙarƙashin dogayen bishiyoyi, ni kuwa sai zuba nake. Na ce mata macijin siriri ne, kore da baƙi, da ɗigon ja a gadon baya. Rayuwarsa duk a sama take, tsaka da ƙananan ƙadangaru yake farauta da rana. In zai sauya bishiya sai ya rataya a reshe, ya cilla kansa, ya baje haƙarƙarinsa ya yi fale-fale, yana lanƙwasa a iska har ya sauka.

"To ba ya sara, Baban Amira?" in ji Hajiya.

"Dafinsa ba ya yi wa mutum komai, Hajiya. Ni da shi ai mun saba." (Sabon namu a kwamfuta ne da cikin kwalba. Ban taɓa ganin mai rai a sake ba.)

Ban rufe baki ba sai ga shi ya taho ta sama, ya dira a reshen da ke saitin kaina. Ban san sanda na kurma "Wayyo Allah!" ba. Da hankalina ya dawo, sai na gan ni durƙushe a bayan surukata, na cukuikuye mayafinta da hannu biyu, takalmina ɗaya can gefen hanya. Rukayya ta juya baya, kafaɗunta sai rawa suke.

Hajiya ko gezau. Ta bi shi da kallo har ya shige ganye, sannan ta ce a hankali, "Ikon Allah, yadda ka faɗa kuwa. Sakar min mayafin, ɗan nan."

Har ta koma gida ba ta tayar da zancen ba, kuma kawaicin nan ya fi dariya ciwo. Abin da na koya shi ne, kai na iya haddace karatu ƙafa ba ta da labari. Yanzu kafin in yi wa kowa bayanin maciji, sai na fara ɗaga kai na duba sama.