Baturiya Ta Rasu da Muryar Inna a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da haushi, Malam Almustapha Sanda, malamin makaranta a Gummi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gummi da Anka da Bukkuyum rasuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda ɗalibansa suke kira Baturiya. Ta cika ranar Litinin da hantsi a zauren gidansa, bayan jinyar kwana goma sha tara. Kada kowa ya ce tsufa ne. Hannu ne ya yi ajalinta, kuma Malam ya san mai hannun.

Marigayiyar ta iso ƙasar nan a gwanjo, ta shiga gidan Malam a shekarar 2005. Shekara uku ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ita ke buga jarrabawar makaranta da takardun kowane maƙwabci mai neman aiki. Ta jure zafin bazara, ta jure wutar ƙaramin janareto mai tari, ta jure gargadar hanya a bayan babur. In an kunna ta sai ta yi 'yar gyaran murya, fankarta ta ɗauki huci, fuuu, ta kama aiki.

Amma ba jarrabawa ce ta hana Malam cin tuwo ba. Wata uku kafin Allah ya karɓi ran mahaifiyarsa, ya zaunar da ita gaban Baturiya ya ɗauki muryarta. Minti arba'in Inna tana ambaton kakanninsu masunta ɗaya bayan ɗaya, tana dariya, tana tari. Abin da ta fara cewa shi ne, "Almu, wanga akwati naka shina jina kuwa? To in shina ji, shi riƙa tuna maka ka ci abinci." Wannan murya babu ita ko'ina a duniya sai a cikin Baturiya. Shekara biyu Malam yana cewa gobe zai kwafe ta. Wannan laifinsa ne, ya amsa, kuma ba ya bukatar a zo a tuna masa.

Ciwon ya fara ne ranar da wani babban mutum ya kawo ziyara. Ba za a faɗi sunansa a nan ba, domin ɗan mutunci ba ya kama sunan surukinsa. Abin da za a iya cewa kawai, shi ya haifi Hafiza matar Malam, kuma tun da ya taɓa kwance injin ban ruwansa ya ɗaure, ya yanke wa kansa cewa babu ƙarfen da ya gagare shi. Ya tarar da Baturiya tana caji a gefen tabarma. Yana son ganin hotunan sunan jikarsa, bai ce a miƙo masa ba, sai ya kama wayar caja ya janyo ta kamar mai jan akuya. Malam yana durƙushe bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ji ƙarar da bakin cajin ya yi, ƙas. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba komai, Baba."

Akwai komai! Daga ranar, sai an karkata wayar gabas 'yar fitilar cajin take kamawa. Aka tokare da tsinken ashana, aka ɗaure da roba, aka dafa da littafin lissafi. Aka cire batir aka mayar, aka hura ramin da baki. Bayan mako biyu fitilar ta ƙi kamawa ko me aka yi mata. Malam ya goya ta har Anka wurin Maharazu mai gyaran rediyo, mutum mai tsoron Allah, wanda ya gwada cajar ya ce, "Malam, caja lahiya lau take. Bakin na yas saki daga ciki, kuma ya hi ƙarhina. Ka kwashe abin da kaka so tun batir na da sauran rai, ka kai ta Gusau. Kada ka bari kowa shi taɓa ta."

Minti goma sha huɗu suka rage a batirin. Sun isa a kwashe Inna. Malam ya rufe ta, ya sa a jaka, ya ɗora kan sif, Litinin da sassafe ya kama hanyar Bukkuyum aron filash, ɗan abin nan da ake kwafe ajiyar kwamfuta a ciki.

Yana fita, babban mutum ya iso da niyyar alheri, da ƙusa 'yar inci huɗu, da filaya, da baƙin mai a kwalba. Ya ce wa 'yarsa, "Ɗauko min ita. Mi ag ga wagga aba da sai an kai ta Gusau?" Ya ɗiga mai a ramin, ya sa ƙusa ya ƙwaƙule, ya tada janareto, ya danna caja da ƙarfinsa na noma. Sauti na ƙarshe da aka ji daga marigayiyar shi ne tas, sai hayaƙi. Ya goge hannu ya bar sallahu: "Ki ce mai na gyara. Hayaƙin nan dauɗa ta, in ta huce tana tashi." Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Yau kwana uku, ta huce sarai, ba ta tashi ba.

Malam ya dawo da filash a aljihu ya tarar da gawa. Ya juya kan Hafiza zai zazzage mata, ta ce, "Ubana na, Malam. Mi za ni ce mai? Kai mi kac ce mai ran nan?" Ransa a ɓace yake, kuma babu wanda zai iya huce haushin a kansa sai wannan takarda.

Marigayiyar ta bar caja guda mai cikakkiyar lafiya da ba ta da inda za ta shiga, da jaka mai tsinkakken zik, da filash na aro da bai taɓa ganinta da rai ba, da tsinken ashana ashirin da suka yi jinyarta tsakani da Allah.

Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce. An goge ta, an naɗe ta a zanen Inna. Za a ɗauke ta ranar Asabar bayan hantsi zuwa Gusau, inda wani mai gyara ya ce zai buɗe cikinta ya ciro rumbun ajiyarta. Ko wutar ta kai can ko ba ta kai ba, ya ce ba zai yi alkawari ba. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida bayan la'asar. Mai shawara ya bar ta a gidansa. Mai cewa ai ƙarfe ne, a sayi wata, ya bi ta wani layin.

Ana kuma sanar da jama'a cewa babban mutum ya aiko zai raka gawa, shi zai riƙe ta a mota, kuma zai taho da kayan aikinsa ko mutanen Gusau za su bukaci taimako. Malam ya aika masa da amsa: "To, Baba."

Don haka ana roƙon addu'arku. Ba don Baturiya ba, ita tata ta ƙare. Ku roƙa wa Malam Allah ya sa kada ya rasa Inna sau biyu.