Rasuwar Kwat Mai Lamba Casa'in da Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu cike da sanyi, ni Veta Moraru, mai tsaron ɗakin ajiye riguna na jami'armu, nake sanar da rasuwar baƙar kwat ɗin nan da ke rataye a ƙugiya ta casa'in da ɗaya. Ta cika ranar Talata da yamma, a ɗakin taron shugabanni, tana bakin aiki.

Marigayiyar ta zo hannuna shekara goma sha tara da suka wuce. Wani farfesan lissafi ne ya miƙo ta, ya karɓi lamba, ya hau bene. Daga can ya bi wata sakatariya zuwa Italiya, har yau. Matarsa ta zo ta dube ta, ta ce in ba asu su ci. Ban bayar ba.

Mai haƙuri ce, mai zurfin ciki, musamman ta aljihun hagu. Lokacin da malamai suka fara haɗa ƙungiya, kowa tsoron sa hannu a fili yake. Ga Dakta Sanda Irimia, shekara goma sha huɗu tana koyarwa da takardar aiki ta wata biyar-biyar, kowace Fabrairu sai ta jira ta ji ko an sake ɗaukarta. Irinta ba ta tari da ƙarfi. Sai na ce su riƙa ba ni katin shiga ƙungiyar tare da rigunansu, ni kuma in zura wa marigayiya. Abin da kawai take cewa shi ne ƙus-ƙus. Kati ɗari uku da goma sha biyu ta haɗiye, ba ta gaya wa kowa ba. Ni ce dai na ɗan gaya wa mutum uku, amma duk amintattu.

Wata bakwai tana kafaɗa da kafaɗa da kwat ɗin mataimakin shugaba, Farfesa Dobre, wadda ke ƙamshin turaren da ba na matarsa ba. Wannan ma ta rufa asiri.

Ciwon ajali ya same ta a zaman ƙarshe na ciniki kan yarjejeniyar farko tsakanin ƙungiya da jami'a. Dobre ya ce bututun ɗumama ɗaki ya lalace, kuma ikon Allah, na ɗakin taron kaɗai. Shugabanni sun shigo da rigunansu a jiki, na wakilan malamai biyar kuwa, har da Sanda, suna wurina. Aka ce duk wanda ya fita, an ɗaga zama sai Maris. Kafin Maris kuwa an sallami Sanda.

Na shiga da shayi, marigayiya a kafaɗata, na nufi Sanda na ce:

"Ke 'yar nan, saka. Leɓenki ya yi shuɗi."

Dobre ya ce, "Tanti Veta, wa ya kira ki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, maƙwabciyar kwat ɗinka ce ta ce in kawo ta ku gaisa."

Sa'a shida tana yawo a jikin mutum biyar, kowa minti ashirin. Da Dobre ya gaji ya sa hannu, sai ya zamana tana jikin Farfesa Toma na tarihi, wanda bai taɓa ƙin tayin abinci ba. Ya ɗaga hannu biyu don murna. Marigayiya ta ce ɓaaar, tun daga wuya har ƙugu. Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Ta rasu ta bar maɓalli shida, ƙugiya ɗaya, asu masu yawa da ba su san inda za su nufa ba, da yarjejeniya mai shafi arba'in wadda ban karanta ba, amma an ce takardar aiki ta koma ta shekara uku-uku. Allah ya jiƙanta.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da tsakar rana a gaban kantata. Toma ne zai ɗauki gawa, tunda shi ya kashe. Mai kawo furanni ya kawo bibbiyu ko huɗu-huɗu kamar yadda ake wa kowane mamaci, kada ilimi ya sa ku manta. Akwai dafaffiyar alkama da zuma, da 'yar barasar ƙanena don masu raunin zuciya.

Alkamar addu'ar cika shekara kuwa Dakta Sanda ce za ta dafa. Ta ce in rubuta sunanta a ta baɗi da ta baɗin baɗaɗa, don yanzu ta san tana nan.