Gijsbert Ba Ya Mayar Da Abin Da Ya Ara

Duk kamfaninmu na dillancin furanni a garin Aalsmeer babu mai kai irin na Gijsbert Terpstra. Shi da bakinsa ya faɗa, wa ya isa ya musa? Muka sa masa Farfesa don tsokana, bawan Allah ya riƙa amsawa.

Shi ya rubuta manhajar karɓar oda, kuma da ita yake neman kujerar shugaban sashen fasaha. Aikin manhajar ba wuya. Oda ta shigo, manhaja ta ari gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. An kai kaya, ta mayar da gurbin don mai zuwa. Aron kam Farfesa ya rubuta shi tsaf. Mayarwar ce ya ga ba girmansa ba ne.

"Masu ƙaramin tunani ke awon gurbi," in ji shi a kicin ɗin ofis, baki cike da burodi da cuku. "Ni ƙarni mai zuwa nake gina wa."

Marloes, abokiyar aikinmu, ta ce, "Ƙarni ya yi nisa, Farfesa. Manhajar taka za ta kai Juma'a?"

"Hassada ce, Marloes. Sha kofinki."

Sai ga makon Ranar Uwa, oda ba ƙaƙƙautawa. Farfesa ya sha kwat, ya tara manya gaban babban allo yana bayanin baiwarsa. Allo ya soma jan ƙafa. Can ya ƙame. Ashe kowace oda ta riƙe gurbinta gam, har ƙwaƙwalwar ta cika maƙil. Motocin wardi suka jeru a waje, babu direban da ya san inda zai dosa. Wallahi furannin nan sun ba ni tausayi. Shi kam ko a jikinsa.

"Kwamfutar ce ta yi wa tunanina kaɗan," ya ce.

Aka kawo wadda ta ninka ta. Manhajar ta cinye ta, ta lashe baki.

Manajarmu, Uwargida Aafke, ba ta da surutu. Ta ce gyara sai kasuwa ta lafa, kafin nan a samu mai kashe na'ura ya kunna duk sanda ta shaƙe, don ta saki guraben da ta riƙe.

"Gijsbert, kai ka fi kowa sanin halinta," in ji ta.

Shugabanci dai ya wuce shi. Yana can ɗakin na'urori cikin sanyi, rigar ulu har wuya, yatsa bisa maɓalli. A yi masa adalci fa: kashewar ya iya.