Ranar da Na Kare Mutuncin Amurkawa

Na taɓa yi wa wani Ba'amurke tafinta kwana uku a Agiye, shi ya sa a guruf ɗinmu na 'yan Gazawa nake jin babu wanda ya fi ni sanin Amurka.

Rannan Kawu Sale ya sako murya: "Amurkawan nan da aka kawo mana, sai ci da kwanciya. Rana kaɗan ta taɓa su, sai haki."

Na gyara zama, na yi jawabin minti bakwai kan haƙƙin baƙo. Na ce wanda bai taɓa zama da su ba ya yi shiru. Har na ce a turo su gidana, ni zan riƙe su.

Can Kawu ya sako hoto: fararen kaji ne na gidan gona, sun baje a inuwa. Ashe haka masu kiwo ke kiransu.

"Mushe," in ji shi, don haka ake kiran ɗan boko a wajenmu, "in turo su yanzu, ko sai ka share musu ɗaki?"

Har yau in aka yanka kaza a dangi, ni ake kira a yi wa ta'aziyya.